Lahadin da nake zuwa Lyon wurin Mardiya

Lahadi, 6 ga Oktoba 2024

Yau ne zuwana na farko tun da muka rabu da matata Sahadatou, ta ɗauke Mardiya suka koma Villeurbanne, a gefen Lyon. Alƙali ya ce Lahadi ɗaya cikin biyu nawa ne. Awa biyu a jirgin ƙasa daga Paris, in ga ɗiyata, in juyo.

Ba ni da gida a Lyon, don haka Mardiya ta zaɓi inda za mu zauna. Wani gidan abinci kusa da tashar tram, jirgin cikin gari. Wai "brunch". Ba karin kumallo ba ne, ba abincin rana ba ne. Minti arba'in muna layi a bakin ƙofa kamar masu jiran biza. Aka kawo mini burodi an shafa masa avoka, da ƙwai a kai wanda bai dahu ba. Ita kuwa sai da ta ɗauki hoton nata kafin ta taɓa.

Na tambayi lakwal, yaya karatu. "Ça va," wato lafiya. Na tambayi uwarta. "Ça va." Shekara goma sha biyar, kalma biyu ke bakinta. Bayan awa ɗaya da rabi mai kawo abincin, Nour sunanta, ta ce akwai masu jiran tebur.

Laraba, 9 ga Oktoba

Munzali, abokin aikina a magaza, rumbun ajiye kaya, ya yi ta dariya. Wai in dafa mata tuwo. A ina? Kan benci a tasha?

Lahadi, 20 ga Oktoba

Na ɓata komai.

Na sayo kilishi a unguwar Goutte d'Or ta Paris, irin wanda take so tana ƙarama. Na buɗe takardar a kan tebur. Nour ta zo a hankali ta ce ba a cin abincin waje a nan. Mardiya ta sunkuyar da kai, ta ce, "Papa, ɓoye shi, ana kallonmu."

Nan raina ya ɓaci. Na ce kunyar abincin ubanki kike ji? Na ce uwarki ta mayar da ke baƙuwa, ko gaisuwar kirki ba ki iya ba. Na faɗi wasu abubuwan da ba zan rubuta ba. Ban san muryata ta kai haka ba sai da na ga mutanen tebur na kusa sun daina ci.

Ta ɗauki jakarta ta fita. Ta gilashi na ga ta shiga tram. Na zauna gaban faranti biyu.

Talata, 22 ga Oktoba

Saƙo huɗu. Ta karanta, ba amsa.

Alhamis, 24 ga Oktoba

Na kira Sahadatou da niyyar faɗa. Ta bari na gama, sannan ta ce, "Baban Mardiya, ka san abin da ya sa ta zaɓi wurin? Ba don ƙwai ba ne. Cike yake da mutane. Ta ce mini a can ba za ka ɗaga murya ba."

Na kashe wayar ba sallama. Duk yinin nan ina jera kwalaye, na kasa ƙirga su daidai.

Lahadi, 3 ga Nuwamba

Na je. Na yi layi. Ba ta zo ba. Na ci abin da aka kawo ni kaɗai. Nour ba ta tashe ni ba ko da lokaci ya wuce, wannan ma ya ƙara mini haushi. Tausayina take ji.

Na tura: "Na yi kuskure. Zan dawo ranar 17." Sau uku ina gogewa kafin in tura.

Lahadi, 17 ga Nuwamba

Ta zo, da lattin rabin awa. Ban yi maganar lattin ba. Ban tambayi lakwal ba. Na sa ido a kofin shayi ina juya cokali, harshena kamar zai tsinke.

Can sai ta fara da kanta. Wai malamin kimiyya, na physique, ya tsane ta. Wai sun ɓata da ƙawarta kan wata magana da aka tura a waya. Rabi ban gane ba, Faransancinta gudu yake yi. Sau biyu nasiha ta zo mini har baki, na haɗiye ta da shayi. Da za mu tashi ta ce, "Ka yi shiru yau." Na ce gajiyar hanya ce.

Wurin har yanzu bai yi mini ba. Hayaniya, ga kujerun ba inda za ka jingina baya.

A jirgi nake rubutu. Ƙawar da suka ɓata Inès ce. Lou ita ce mai kirki. Akwai kuma Batula, iyayenta mutanen Tahoua ne. Na rubuta ne kawai don kada in haɗa su wani zuwan.