Tsawon Hannun Wilkin

Mama,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar taki? Ya ɗana Wilkin? Ni lafiya lau, tarin ma da sauƙi, sanyin New York ne kawai.

Na ji sandar buga ƙwallon besbol da na aiko ta yi masa kaɗan, ga gwajin shiga ƙungiya ya matso. Na koma shagon da na sayo ta, mai shago ya ce, "Baiwar Allah, ina tsayin yaron ya kai?" Na ɗora hannu a ƙuguna, inda kansa ya kai lokacin da na bar shi.

Don girman Allah ki auna shi da zare, ya miƙe hannu, daga tsakiyar ƙirji zuwa kan yatsa, ki aiko, da shi za a gane tsawon sandar. Kada ki gaya masa ban sani ba.

'Yarki,
Yudelka