A Goge "Ciwon Ƙarya" Daga Katina

Zuwa ga Babban Likita mai duba asibitocin lardi,

Gaisuwa da ladabi, ranka ya daɗe. Ni tsohon malamin elementare ne, mazaunin unguwar Hausari a Potiskum. Na rubuto a fili ne domin takardu biyu da na aiko a baya ba su sami amsa ba, ƙarfina kuma yana ƙarewa.

Na farko. Bayan girbi wani sa ya harbe ni a ciki a kasuwar shanu. Na yi mako shida ina amai, daga nan saman cikina ya kumbura kamar an kifa ƙwarya. Likitan da ke zagayowa asibitin garinmu ya danna, ya saurara, ya ce ruwa ne ya taru a wata jaka bayan tumbi, sai an kai ni Kano an tsiyaye shi. Ya faɗi sunan cutar da Turanci, ya ce farkon kalmar yana nufin "ta ƙarya", domin jakar ba ta da fatar kanta. Na ji shi da kunnena. Na koyar da Turanci kafin a haifi akawun asibitin.

Na biyu. Tafinta ya ɗauki rabin maganar ya miƙa, akawu ya rubuta a katina: "ciwon ƙarya". Likita ba ya karanta Hausa, ya sa hannu, ya hau mota ya wuce.

Na uku. Talata huɗu ke nan ina takowa asibiti da sanda, ina hutawa sau uku a hanya. Duk wanda ya karɓi katin sai ya dube ni, ya ba ni gishirin wanke ciki. Takardar tafiya Kano kuwa, an ce ba a ba mai ciwon ƙarya. Na ɗaga riga na nuna kumburin, aka ce abin da ke littafi shi ake bi. Ban zargi akawu da mugunta ba, abin da ya ji ya rubuta. Amma yanzu kunu ludayi uku ke cika ni. Matata ta rasu, ɗana ya tafi soja bai dawo ba, babu mai tsaya mini.

Roƙona: a nemi likitan ya rubuta sunan cutar da hannunsa, a soke kalmar nan, a ba ni takardar Kano tun ina iya zama cikin mota.

In kuwa amsarka ta iso ta tarar an kai ni kabari, a gyara katin duk da haka. Masu yi mini wanka za su ga kumburin. Shekara saba'in ba a taɓa kira na maƙaryaci ba, kada littafinku ya zauna yana kira na bayan ba ni da bakin amsawa.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya ba ka masu rubuta abin da ka faɗa.

Wassalam.

Malam Garba na Hausari