Wai Baba Ya Warke

Yaya Sharhabil,

Sannu da hanya. Na fita tun safe, ba zan iya jiran isowarka ba.

Kana shigowa Mama za ta tare ka da albishir. Jiya da la'asar Baba ya dawo yana ta fara'a, wai daga asibiti yake. Wai likita ya ce hawan jinin ya sauka, ya ajiye magani, ya koma shagonsa na kafinta a Kawo. Kafin magariba Mama ta buga wa dangi kaf waya, har zakara ta sa aka yanka.

Allah ya sa haka ne. Amma Yaya, katin asibitinsa yana cikin jakata tun wancan watan, bai kuma tambaye ni ba. Da na ɗauki hularsa zan rataye, garin katako ne ya zubo. Na ce, "Baba, wane likita ka gani?" Ya ce, "Wannan dogon mai gemu mana." Likitarsa fa mace ce!

Na tafi asibitin in ji daga bakinta. Makullin babur ɗinsa yana cikin kwanon gero a kicin, kada ka ba shi ko zai yi faɗa. Kada ka ce wa Mama komai tukuna.

In gaskiya ya faɗa, zan durƙusa in ba shi haƙuri. In ba haka ba, kai ne babba, kai za ka fara yi masa magana.

Nafisat