Oga Chidi Bai Cuce Ka Ba, Yaya

Zuwa ga yayana Sadisu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da addu'ar Allah ya haskaka makwancinka, ina sanar da kai cewa Inna tana lafiya, unguwarmu Fadaman Mada kuma tana nan yadda ka bar ta. Na zo maka da labari a kan tsohuwar kwamfutarka.

Ka tuna halinta. Kana tsakiyar aiki sai ta sandare, ko rubutunka ya dawo a hargitse. Sai ka dafe kai ka ce, “Chidi ya cuce ni, ruɓaɓɓiya ya sayar min.” Oga Chidi fa, abokinka mai shagon kwamfuta, wanda kuke cin tsire tare. Ya canza mata ƙwaƙwalwa, ya rantse bai cuce ka ba, kai kuwa da taurin kanka ka daina bi ta layinsa. Ranar rasuwarka ya zo ta'aziyya, ya tsaya daga bakin ƙofa, ya kasa shigowa. Wannan tsayuwar ta daɗe tana ci min rai, don ina tsoron ka tafi da haƙƙin mutum.

Da kwamfutar na gama karatun jami'a a Gubi, da ita na koyi leƙa cikin kanel, wato zuciyar manhajar da ke tafiyar da na'ura, irin wadda kowa ke da damar gyarawa. A nan na kama mai laifin.

Idan ƙwaƙwalwa ta cika, kanel yakan kwashe wasu bayanai ya ajiye a wani gurbi a diski, kamar yadda Inna ke kai kaya sito in baƙi sun cika ɗaki. Suwaf ake ce wa wannan. To ashe wani lokaci yakan ba wani aiki gurbin tun mai shi bai gama kwashe kayansa ba, sai bayanan su cakuɗe. Masu manyan na'urori ba sa ganin matsalar, don ƙwaƙwalwarsu ba ta cika cikewa ba. Sai irin taka, 'yar talakawa.

Na yi ta ɗora mata aiki da gangan har ta faɗi, wato ta sandare, in duba, in sake. Gyaran kansa 'yan layuka ne: a kulle gurbin har sai an gama da shi. Na tura wa masu kula da manhajar, suka yi ta min tambayoyi, daga baya suka karɓa. Na ji daɗi sosai, amma ba su ne a raina ba.

Ranar Asabar na hau keke napep da kwamfutar da na gyara zuwa shagon Oga Chidi. Ya yi furfura, Yaya. Na yi masa bayani, na roƙe shi ya yafe maka. Ya karɓi kwamfutar. Ya kunna ta, ya buɗe abubuwa rututu kamar yadda kake yi, ya harɗe hannu yana jira. Ba ta faɗi ba. Sai ya yi dariya har da hawaye, ya ce, “Na gaya masa wannan kwamfuta ba shi da laifi! Yafewa kam na yafe tuntuni. Kansa ne kawai da ƙarfi.”

Ya ce gobe zai zo gaida Inna. Na ce masa wannan karon har ɗaki zai shigo.

Allah ya jiƙanka, ya yafe maka kamar yadda abokinka ya yafe, ya haɗa mu a Aljanna.

Ƙanwarka mai kewarka,
Bilki