Yaya Rakiya, na janye sakamakona

Zuwa ga yayata Rakiya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta ƙanwa ga yayarta, ina fatan kina cikin ni'imar Allah a makwancinki. Daga Dapaong nake rubuto miki, kuma na san masu bibiyata a shafina na intanet za su karanta. Su karanta ɗin, don na gaji da ɓoye wannan magana.

Kin tafi kin bar ni ina koyar da kimiyya a lise, wato makarantar sakandare, ina kuma karatun digiri na biyu daga nesa. Aikin da malamina ya ba ni shi ne in girka wata manhaja a kwamfutata, wadda take lissafa abin da zai faru idan aka harbi cibiyar ƙwayar zarra da wata ƙaramar ƙwaya. Da irin wannan lissafin ake sanin yadda za a samar da sinadarin da likitoci suke ɗaukar hoton ƙari da shi. Ke dai tun ina jami'a "Madam mai bam" kike ce mini. Amma kin san abin da ya kai ni wannan fannin: naki ƙarin ba a gan shi ba sai da ya gama cin ki.

Girkawar kaɗai sai da ta ci mini mako uku. Ba irin manhajar waya ba ce da za a danna ta hau. Sai an rubuta umarni layi-layi a baƙin allo, sannan tana zuwa da wani ƙaton rumbun bayanai na kowane sinadari. Rezo kuwa, wato sabis ɗin intanet, a unguwarmu sai ya ga dama. Guntu-guntu na riƙa sauke rumbun a ɗakin malamai, tsakanin darasi da darasi. Ran da ta fara aiki na rangaɗa guɗa ni kaɗai, har mai gadi ya leƙo.

To ga inda na yi wauta. Masu manhajar sun haɗo da misalan gwaji, kowanne da amsarsa sananniya, suka ce a fara gudanar da su a ga ko amsa ta yi daidai kafin mutum ya taɓa nasa aikin. Ni da ɗoki sai na tsallake. Na zuba lissafina, zane ya fito sumul, na tura wa malamina. Ya yaba, ya sa sunana cikin waɗanda za a tura horo ƙasar waje bana. Na kira Baba a Sokodé. Kafin la'asar duk Zongo ta ji, abokansa mahauta har sun fara ce mini dokta.

Makon jiya na ce bari in gudanar da misalan nan don cika ƙa'ida. Ba su yi daidai ba. Da na bincika, ashe rumbun bai gama sauka ba, kuma cikin abin da ya ɓace har da bayanan sinadarin da nake aiki a kai. Manhajar ko uffan ba ta ce ba. Inda ta rasa bayanin gaskiya sai ta cike da ƙiyasi ta wuce. Kyakkyawan zanen nan, Yaya, shaci-faɗi ne.

Kwana biyu ina jayayya da zuciyata. Babu wanda ya sani. Malamina ɗalibai sun yi masa yawa, da wuya ya sake dubawa. Har na ce in yi shiru in tafi, idan na je can na gyara.

Sai na tuna ki a shagon ɗinkinki. Wata mata ta taho tun daga Kparatao a kan babur don karɓar rigarta, tana tsaye tana yabawa, ke kuma kika lura kin yanka shafin ciki a karkace. Kika ba ta haƙuri, kika karɓe rigar kika warware ta a gabanta. Na ce kin cika taurin kai. Kika ce, "Ita bai gani ba, amma ni na gani. Ran wanki kowa zai gani." Nawa aikin kuma ba riga ba ce, watarana jikin wata ne zai ɗauki kuskuren.

Jiya na rubuta wa malamina komai, ban rage ba. Bai yi faɗa ba. Ya ce an cire sunana an sa na wani, in turo sakamako idan misalan sun yi daidai. Na yi kuka, ba zan ɓoye miki ba.

Asabar zan shiga mota zuwa Sokodé. Wata ƙawata tana da rezo mai ƙarfi a wurin aikinta. Zan sake sauke rumbun tun daga farko, in bi misalan ɗaya bayan ɗaya, ba zan taɓa nawa ba sai na ƙarshe ya yi daidai. Wannan duk mai sauƙi ne. Mai wuyar shi ne Baba, wanda ya riga ya sa an ɗinka masa babbar riga don ya raka ni filin jirgi a Lomé. Ba zan gaya masa a waya ba. Zan durƙusa a gabansa in ce ni na yi kuskuren, kuma ni na tona kaina.

Da kina nan, ke za ki riga ni shiga ɗakinsa ki kwantar masa da hankali, ki fito ki yafuto ni. Kewarki ba ta taɓa kama ni kamar yau ba. Wannan karon ni kaɗai zan shiga, Yaya, amma zan shiga.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya sa ciwon da kika sha ya zama kaffara. Allah Ya sanyaya zuciyar Baba kafin in isa.

Taki ƙanwar,
Mariama