Murfin Langar Hajiya Kaka

Zuwa ga mahaifiyata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Ni ce Nafisarki. Kin san bakina nauyi gare shi a gaban mutane, shi ya sa na zauna na rubuto miki, ko da wasu za su leƙa.

Umma, na shiga Tsohon Kanti. Ginin ƙasar nan na mahaifinki Baba Alhaji da ke bakin kasuwar cikin gari, wanda in mun taho daga Limawa nake kau da kai. A littattafan da nake ɓoyewa a ƙarƙashin filo, gidaje duk na gilashi ne da tayil. Wallahi kunya nake ji a ce wannan jan ginin namu ne.

Kawu Sabo, yayanki, shi ya ce a rushe shi a yi shagunan bulo hawa biyu. Tunda kasonki ya dawo kanmu, Abba ya ce in bi Kawu in gani da idona, in faɗi abin da ke raina a madadinki. Ni fa, da ko mai kayan miya ba na iya taya wa!

Ina sa ƙafa sanyi ya rufe ni, ga rana tana ƙuna a waje. Ƙamshin goro, da turaren wuta, da tsohuwar ƙasa. Sai na ɗaga kai. Umma, me ya sa ba ki taɓa kawo ni ba? Bakunan rufin sun taso daga jikin bango, sun lanƙwasa a hankali sun haɗu can sama, babu ƙarfe babu siminti, ƙasa ce kawai da azara. Na tsaya baki buɗe har mai goro ya ce in matsa masa daga hanya.

A tsakiya, daidai inda suka haɗu, ga wani farin murfi mai jajayen furanni a manne.

Na san furannin nan. Su ne a jikin langar nan taki marar murfi, wadda kike zuba mini dabino ki rufe da faifai. In na tambaya sai ki ce, "Murfinta na wurin Baba, kuma ba za a karɓo ba."

Baba Tela, tsohon da ke ɗinki a bakin ƙofa tun kafin aurenki, shi ya ba ni labarin. Ya ce al'adar magina ce, in sun gama rufi sai su sa kwano a tsakiya. Kowa a kasuwa yake saya. Baba Alhaji kuwa gida ya koma ya roƙi amaryarsa, mahaifiyarki Hajiya Kaka, murfi ɗaya daga jerenta, wai tunda a kanti zai riƙa yini, yana so in ya ɗaga kai ya ga ɗakinta. Ita kuma ta ce, "Ɗauki murfin. In langar kake son gani, ka dinga dawowa da wuri."

Duk karatun da na yi, ban taɓa cin karo da irin wannan ba. Ashe a gidanmu yake.

Kawu ya ce ai da sauƙi, za a ɓanɓare mini shi kafin a rushe. Na ce, "Kawu, a bar shi inda Baba ya sa shi." Ya yi dariya ya ce, "Ikon Allah, yau 'yar littafi ta yi magana!" Amma shi ma sai ya ɗaga kai, ya daɗe bai sauke ba.

Bai ce ya fasa ba, Umma. Damina ɗaya ya ba mu. In aka yi yaɓe, aka gyara indararo, rufin bai yi yoyo ba, zai bar shi. Masu sana'a a cikin kantin sun ce ranar Asabar za su fito gayya. Ni zan dama musu fura in kai a langarki, in ajiye ta a tsakiyar ɗaki, daidai ƙasan murfin. Sun daɗe ba su ga juna ba.

Allah Ya jiƙanki, Ya jiƙan Baba Alhaji da Hajiya Kaka, Ya sanyaya makwancinku kamar yadda ɗakin nan ya sanyaya ni. Ya kawo mana ruwa mai albarka, marar ɓarna. Amin.

Taki har kullum,
Nafisa