Rigar Fatar Suhaibu

Zawaciki, Kano
6 ga Mayu

Zuwa ga Yayata Uwani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Alhaji da yara. Yaya ciwon gwiwar nan? Allah ya ƙara sauƙi. Kada ki yi mamakin ganin takarda a hannun direban Gumel. In na kira ki a waya ihu zan yi ta yi, ba za ki fahimci komai ba.

Yaya, na yi wa ɗanki Suhaibu ɓarna.

Kin san shekara huɗu ya yi yana yawo da takardun makarantar koyon sana'a kafin a ɗauke shi walda a kamfanin nan na Sharada da ke ƙera tankunan ruwa. Gwajin wata uku suka ba shi, yanzu yana cikin na ukun. Kowane mai walda ana ba shi rigar fata mai kauri saboda tartsatsi. To kin dai san jikin yaron nan, ƙirar kakanmu ce ya ɗebo, ga ɗaga ƙarfen da yake yi kullum da safe. Mafi girman rigar da ke sitonsu ba ta haɗuwa a ƙirjinsa. Wata biyu da rabi yana aiki gabanta a buɗe, bai taɓa faɗa mini ba.

Ranar Asabar na ga yana sallah a zaure, ya kasa kai goshinsa ƙasa sai da ya dafa bango. Na matsa masa ya ɗaga riga. Narkakken ƙarfe ne ya faɗa masa a ƙirji, ƙuna kamar faɗin tafin hannuna, ya shafa mata man kemis ya rufe da tsumma. Na kai shi asibiti, an wanke an ɗaure, sun ce za ta warke.

Da na tsaya a nan, da shi ke nan. Amma jiya na nemi izini a makaranta na hau adaidaita sai Sharada. Na karanta ɗan littafin ƙa'idojin da suka raba musu tun daga bango har bango, na ja layi a ƙarƙashin inda suka rubuta da hannunsu cewa kamfani ne zai ba ma'aikaci kayan kariya daidai jikinsa. Na ajiye wa manajan a kan tebur. Ban zage shi ba, amma na tambaye shi ko yara 'yan firamare ya yi niyyar ɗauka aiki da ya sayo waɗannan riguna. A gaban ma'aikatansa na faɗa, wasu har suka yi dariya.

Mutumin ya yi mini godiya cikin ladabi. Ya ce tunda na nuna masa hatsarin, ba zai bar Suhaibu ya sake kama ƙarfe ba sai da rigar da ke rufuwa. Odar sababbi sai ƙarshen shekara. In ya zo da tasa ranar Litinin sha tara ga wata, su gwada shi su gani. In bai zo da ita ba, akwai mutum goma a bakin ƙofa da rigunan sito za su yi musu daidai.

A gabana aka karɓi katin aikin Suhaibu. Tun jiya bai ce mini ko kala ba, ban da gaisuwa. Ki taya ni da addu'a, Yaya. Kwana goma sha uku gare ni.

Ki gaida Alhaji da kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Rakiya

Zawaciki, Kano
14 ga Mayu

Yayata Uwani,

Assalamu alaikum. Ina fatan kun tashi lafiya. Na sami saƙonki da man shanun, Allah ya saka da alheri. Faɗan da kika yi mini na karɓa, gaskiya kika faɗa, bakina ya fi tunanina sauri tun muna yara.

Ga inda aka kwana. Na fara da shagunan kayan ma'aikata na Bompai, duk irin ta kamfanin ce, daga waje ake kawo su, an ɗinka wa mutane masu ƙirjin kaza. Na je Ƙofar Wambai wajen 'yan gwanjo, aka zube mini riguna masu ƙyalli. Wani ya rantse mini fata ce tsantsa. Na ce ya ba ni ashana in gwada a gefen aljihu, sai ya fizge kayarsa. Roba ce, Yaya. Da na saya, a jikin yaron za ta narke.

Sai na ce to a ɗinka sabuwa, ai a Kano muke. Shekara ashirin ina koya wa 'yan mata tarihi, ina faɗa musu yadda fatar garin nan ta tsallake sahara a bayan raƙuma. Na je Challawa ina taƙama. Na bi kamfanonin jima ɗaya bayan ɗaya, warin nan har cikin maƙogwaro, manyan motoci na fita shaƙe da fata. Duk ta akuya da tunkiya ce, mai laushi, ta takalman mutanen wata ƙasa. Tartsatsi ɗaya zai huda ta. Da na tambayi fatar saniya, wani dattijo a bakin ƙofa ya yi dariya ya ce in duba tukunyar miya. Wai yawancinta ganda ake yi da ita. Mun cinye rigar ɗana da barkono!

Dattijon nan dai shi ya tausaya mini. Ya haɗa ni da wani mai yin jakunkuna da ke da jemammiyar fatar saniya guda ɗaya da rabi, mai kauri. Ita ke nan, babu wata. Na rungumo ta kamar jaririya.

A nan na sake yin wauta. Na kai wa Bala, telan da ke mana ɗinkin sallah, saboda yana da keke mai ƙarfi kuma na san hannunsa. Suhaibu ya bi ni ba don ransa ya so ba. Bala ya ce ya miƙe tsaye ya saki hannu, ya auna kafaɗa, ya auna ƙirji, ya auna tsawo, yadda yake auna kowa in za a yi kaftani. Ina tsaye ina kallo, ni mai karatu, ban ga komai ba.

Yau aka gama. Da ya saka, wallahi sai da na ji ƙwalla. Ta zauna masa ɗas, maɓallai duk sun shiga. Har ya yi murmushi, na farko cikin kwana tara. Sai ya durƙusa ya miƙa hannuwa gaba kamar yana riƙe da abin walda. Ƙarar da na ji ba zan manta da ita ba. Bayan rigar ya tsage daga wuya har tsakiya, hammata biyu suka buɗe.

Mai walda ba a tsaye yake aiki ba. A duƙe yake wuni, bayansa a buɗe, damatsansa a kumbure. Mun auna mutumin da zai je ɗaurin aure. Bala yana ta rantsuwa awonsa daidai ne, kuma daidai ɗin ne, shi ya fi ba ni haushi. Fata kuwa ba yadi ba ce, abin da aka yanka ya yanku. Guntaye ne kawai suka rage a leda.

Suhaibu ya cire ta ya ninke ya ajiye mini, ya ce in bar wahalar da kaina, zai koma dako a Dakata. Yaya, da ƙunar da ba ta gama warkewa ba zai ɗauki buhu. Saura kwana biyar.

Ki gaishe da mutanen gida.

Taki,
Rakiya

Zawaciki, Kano
20 ga Mayu

Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Da fatan kina cikin ƙoshin lafiya, ke da iyali. Na san kin ƙagu, don haka ba zan ja ki da nisa ba.

Washegarin wasiƙata ta baya na ɗauki yagaggiyar rigar da guntayen na shiga cikin gari wajen dukawa. Mutum uku suka duba suka girgiza kai. Na huɗun, Malam Sani, tsoho ne da ke ɗinka wa maƙera zuga-zugi. Ya juya rigar ya sake juyawa, ya ce ba zai taɓa ta ba sai ya ga mai ita. Na koma gida na roƙi yaron nan. Ni da ban iya ba da haƙuri ba, ranar na koya.

Malam Sani bai ɗauko tef ɗin awo ba. Ya ba Suhaibu guntun kara ya ce ya yi masa walda a ƙasa, ya yi a sama, ya yi a gefe, yadda yake yi a wurin aiki. Yana yi tsohon yana zagaya shi da zare, yana ƙulli a duk inda jiki ya buɗe. Na fara ba da shawara a kan wuyan rigar, sai ya ce Hajiya ta zauna a benci ta sha ruwa. Na zauna. Ki rubuta ranar, Yaya.

Kwana uku ya yi yana ɗinki da hannu. Ya buɗa tsagar bayan, ya sa mata ƙari mai naɗi irin na zuga-zuginsa, mai buɗewa in an duƙa, ya koma in an miƙe. Ya yi haka a hammata ma. Guntayen ba su isa ba, ya cike da wata baƙar fata tasa. Rigar ta fito da launi biyu, in Suhaibu ya tsaya kamar mai ƙusumbi. Ban taɓa ganin tufa mai muni irinta ba. Amma ya durƙusa, ya miƙa, ya ɗaga hannu sama, ko zare ɗaya bai motsa ba.

Jiya Litinin ya shirya tun da sassafe. Na ɗauko mayafina, sai ya tsaya a bakin ƙofa ya ce shi kaɗai zai je. Na mayar da mayafin. Na tafi makaranta na koyar da aji biyu, ban san me na faɗa musu ba. Duk ƙarar waya sai in yi wuf in duba. Na yi ta tunanin manajan zai ce ba irin tasu ba ce, ko ya ce launin bai yi ba, don na san bai manta dariyar da aka yi masa ba.

Sai bayan la'asar ya dawo, hannunsa babu komai. Na zauna a kan turmi. Ashe an mayar masa da katinsa, rigar kuma tana can a akwatinsa na kamfani. Shugaban masu walda ne ya gwada shi da kansa, ya sa shi ya shiga cikin tanki ya yi aiki a kwance, ya ja rigar ta ko'ina, sannan ya sa hannu. Manajan ya ƙara masa wata ɗaya a kan gwajin saboda kwanakin da ya rasa. Abokan aikinsa kuma sun sa masa suna Raƙumi. Ya ce bai damu ba.

Ya ci tuwo kwano biyu, sannan ya ce yana da magana. Cikin ladabi ya yi ta, kansa a ƙasa. Ya gode mini, ya ce ya san don shi na yi. Amma yana roƙona kada in sake taka ƙofar kamfanin nan, ko me ya faru, kuma kada in riƙa sa shi ɗaga riga kamar yaron goye. Ya ce shekararsa ashirin da bakwai.

Na yi masa alkawari.

To ga abin da ke cina, ke kaɗai zan faɗa wa. Kin san zafin watan nan. Cikin rumfar kwano yake wuni, kusa da wuta, a cikin fatar saniya. Na san akwai lokacin da gumi zai ishe shi, hannunsa ya kai kan maɓallin sama. Ba na wurin, rigar ba ta zuwa gida balle in duba, kuma na ce ba zan tambaya ba. Da safen nan na bi shi da ido har ya sha kwana, maganar tana bakina, na haɗiye ta.

Ki yi masa addu'a Allah ya tsare shi. Ni kuma ki roƙa mini Allah ya ba ni ikon riƙe bakina, don wata ɗaya yana da tsawo.

Ki gaida Alhaji, ki shafa mini kan yara.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Rakiya